Su Wane Ne Mutanen Bompai? Sharhi a kan Ƙidayar Ma'aikatan Masana'antun Kano, Tare da Waiwayen Tsibirin Morishus

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi sharhi a kan abin da masana suka rubuta game da mutanen da suka yi aiki a unguwannin masana'antu guda uku na Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa: yawansu, da asalinsu, da irin rabe-raben da ke tsakaninsu. Ƙorafinmu shi ne, hoton da ake nunawa na waɗannan mutane tun shekaru masu yawa hoto ne guda ɗaya, na unguwa ɗaya, wanda aka ɗauka a farkon shekarun 1970, amma har yanzu ɗalibai da malamansu suna kwafarsa kamar jiya aka wanko shi. Domin mu fito da abin da muke nufi sarai, za mu riƙa waiwayen wata 'yar ƙasa da ke tsakiyar Tekun Indiya, watau tsibirin Morishus, saboda ita ma ta jingina rayuwarta da masaƙu a daidai lokacin da Kano ta yi haka, kuma ita ma tana fama da tsofaffin alƙaluma da suka ƙi mutuwa.

2.0 Littafin Lubeck

Duk wanda zai yi magana a kan leburorin Kano dole ne ya biyo ta kan littafin Paul Lubeck a kan Musulunci da leburorin birni a Arewacin Nijeriya, wanda Maɗaba'ar Jami'ar Kambirij ta buga a 1986. Lubeck ya yi bincikensa ne a farkon shekarun 1970, lokacin da kusan dukkan manyan masana'antun Kano suna Bompai, unguwar da aka yanka tun ƙarshen zamanin Turawa. Ya yi dace ƙwarai da lokaci, domin zamansa ya zo daidai da rikicin ƙarin albashin Adebo na 1971, sa'ad da ma'aikata suka ajiye aiki suna neman a biya su abin da kwamitin Simeon Adebo ya yanka, ba tare da sun jira shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago ba.

Ya kamata mu fara da yabo, don kuwa akwai abin yabo. Kafin wannan littafi, masu nazarin ƙwadago a Afirka sun saba ɗaukar lebura kamar mutumin da ya faɗo daga sama a ƙofar masana'anta, ba shi da malami, ba shi da gona. Lubeck ne ya tsaya ya bi sawun hanyar da ta kawo shi. Ya nuna cewa da yawa daga cikin leburorin haifaffun karkara ne, kuma hanyar da suka biyo zuwa birni tsohuwar hanya ce, ta almajiranci da ci-rani: yaro ya bi malaminsa da rani, ya girma ya zama gardi, ya saba da ɗinkin hula da dako da ga-ruwa, sa'an nan wata rana wani ɗan garinsu ya kai shi wurin helima a ɗauke shi aiki. Ya kuma nuna cewa fushin da suka yi a 1971 ba daga littattafan Turawa suka koyo shi ba, yana da saiwa a cikin tsohuwar fahimtar talaka game da zalunci, wadda NEPU ta riga ta ba ta murya tun 1950. Wannan duka daidai ne, kuma duk Bakanon da ya taɓa bin titin Haɗeja da asuba a waɗancan shekaru, ya ga ayarin masu kekuna suna fitowa daga Dakata da Tudun Wada da Gwagwarwa, zai shaidi abin da ake faɗa.

To amma inda muka rabu da shi, ko kuma mu ce inda muka rabu da masu kwafarsa, shi ne wurin ɗaukar wannan rukuni guda a matsayin dukkan jama'ar masana'anta. Littafin yana neman ya nuna yadda ajin ma'aikata Musulmi ya ginu, saboda haka idonsa yana kan Bahaushe Musulmi namiji, lebura. Wannan zaɓi ne na mai bincike, kuma yana da haƙƙin yin sa. Sai dai mai karatu yakan rufe littafin da zaton cewa ya ga Bompai, alhali kuwa bene ɗaya ya gani na gida mai hawa huɗu. A sama akwai masu masana'antun, waɗanda da yawansu Kwarori ne da Indiyawa da Turawa da mutanen Sin, tare da attajiran Kano da dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka shigo da su. Ƙarƙashinsu akwai akawuna da makanikai da masu gyaran lantarki, waɗanda yawancinsu a Sabon Gari suke kwana, Yarabawa da Ibo da mutanen Binuwai da Filato da Kudancin Zariya. A can ƙasa da lebura mai albashin wata kuma akwai ɗan aikin yini, da mai dako, da Buzu mai gadi wanda farin 1972 zuwa 1974 ya koro daga Nijar. Har ila yau, lokacin binciken kansa lokaci ne na musamman: kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun kwashe Ibo daga Kano, kuma a farkon shekarun 1970 dawowarsu ba ta kankama ba. Wanda ya ƙirga kifin kogi da rani bai kamata ya ce haka kogin yake da damina ba.

Abu na biyu shi ne maganar aji. Kalmar aji tana nufin abu mai ɗorewa, wanda uba zai bar wa ɗa. Amma shi kansa Lubeck ya ga cewa burin lebura shi ne ya tara ɗan jari ya fita, ya kafa teburi ko ya kama rumfa a kasuwa. Mu a ganinmu wannan buri shi ne jigon labarin, bai kamata a mai da shi ɗan ƙarin bayani ba. Masana'anta zango ce a tafiyar mutumin, kamar yadda tsangaya ta kasance zango. Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, a littafinsu na 1998 a kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, sun ƙara haska wannan wuri da suka kwatanta Kaduna da Kano: a Kaduna manyan masaƙu ne masu dubban ma'aikata da ƙungiya mai ƙarfi, a Kano kuwa masaƙun ƙanana ne, ɗaukar aiki ya fi bin sanayya, kuma masu su sun daɗe suna ƙin ƙungiya. Idan haka ne, to ma'anar ma'aikacin masana'anta a Kakuri daban take da ma'anarsa a Bompai, kuma bai dace a tara su a jimla ɗaya ba tare da an yi bayani ba.

3.0 Abin da ƙidaya ba ta gani

Wani zai ce, ai ba aikin Lubeck ba ne ya ƙirga mutane, aikin hukumar ƙidaya ne. Gaskiya ne. To bari mu duba abin da ƙidayar ta ba mu.

Ƙidayar 1962 an soke ta. Ta 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55.7, aka karɓe ta da gardama. Ta 1973 ta ba da miliyan 79.8, gwamnatin Murtala Muhammad ta soke ta a 1975. Daga nan sai 1991, sai 2006, wadda ta ba Jihar Kano kimanin miliyan 9.4, ta ba Legas kimanin miliyan 9.1. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Watau ke nan tsakanin 1963 da 1991, shekaru ashirin da takwas, babu wata karɓaɓɓiyar ƙidaya, kuma a cikin wannan giɓi ne aka yanka Sharaɗa da Challawa da kuɗin man fetur, masana'antun Kano suka kai ƙololuwarsu, sa'an nan suka fara gangarowa bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Duk rayuwar ƙuruciyar waɗannan unguwanni ta wuce ba a ƙirga kowa ba.

Ko da an ƙirga ɗin ma, akwai matsaloli biyu da suka fi wannan zurfi. Ta farko, ƙidaya tana bin mutum inda ya kwana, su kuwa waɗannan unguwanni da dare babu kowa cikinsu sai masu gadi da masu aikin dare. Mutanen Bompai suna cikin alƙaluman ƙaramar hukumar Nasarawa, wadda aka ba kusan mutum dubu 600 a 2006, wasu kuma suna Fagge da Ungogo; na Challawa sun narke cikin kusan dubu 300 na Kumbotso, a Panshekara da ƙauyukan kewaye; na Sharaɗa kuwa sun bazu a Ja'en da Sheka da Ɗorayi da cikin Birni. Ba yadda za a yi a tsamo su. Ta biyu ita ce lokacin shekara. Ƙidayar 1963 da ta 1973 da ta 1991 duka a watan Nuwamba aka yi su, lokacin kaka, sa'ad da ɗan ci-rani yake gida yana girbi. Ta 2006 kuwa a watan Maris aka yi, tsakiyar rani, lokacin da ya kamata a same shi a birni, sai dai kuma an ba da hutu an taƙaita zirga-zirga, mutane da dama suka koma garuruwansu don a ƙirga su a can. Saboda haka wanda ya ɗebe alƙaluman 1991 daga na 2006 ya ce ga yadda birnin ya ƙaru, ya auna hatsi ne da mudu biyu masu bambancin girma. Bugu da ƙari, a 1991 da 2006 duka an cire tambayar addini da ta ƙabila daga takardar ƙidaya don gudun fitina. Muna iya fahimtar dalilin, amma sakamakonsa shi ne duk wanda ya ce kashi kaza na ma'aikatan Kano Hausawa ne, kashi kaza baƙi, ba daga ƙidaya ya samo ba.

4.0 Waiwayen Morishus

Morishus ƙasa ce mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 2,040, watau kusan kashi ɗaya cikin goma na Jihar Kano, kuma ƙidayarta ta 2022 ta ba da mutum miliyan 1.2 da 'yan kai, adadin da bai kai rabin abin da ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kewaye suka samu a 2006 ba. Ba ta da 'yan asali. Kowa a can baƙo ne ko jikan baƙo. Faransawa suka kawo bayi daga Afirka da Madagaska don noman rake. Ingilishi suka ƙwace tsibirin a 1810, aka soke bauta a 1835, sai aka shiga kwaso leburorin kwantiragi daga Indiya, kusan rabin miliyan cikin shekaru kamar tamanin. 'Yan kasuwar Sin suka biyo baya. A yau kusan rabin jama'ar mabiya addinin Hindu ne, kimanin kashi ɗaya cikin uku Kirista, Musulmi kuwa wajen kashi 17 ko 18 cikin ɗari.

Ga ƙasar da ruwa ya kewaye, mai tashar jirgin ruwa ɗaya babba, wadda ake ƙirga mutanenta kusan kowace shekara goma. Idan akwai inda alƙaluma za su faɗi gaibu, to nan ne. Amma me ya faru? Bayan an ci ƙarfin zazzaɓin cizon sauro a ƙarshen shekarun 1940, mace-mace suka ragu, jama'a ta riƙa ƙaruwa da kusan kashi uku cikin ɗari a shekara. A 1961 James Meade, masanin tattalin arziki wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 1977, ya shugabanci wani rahoto da ya hango wa tsibirin baƙin ƙarshe: baki ya yi yawa, amfani ɗaya ne tak, watau sukari, ga kuma rabuwar ƙabilu. A wannan shekarar Richard Titmuss da Brian Abel-Smith su ma suka fitar da nasu rahoton a kan haɗarin yawan haihuwa. Lissafinsu ba shi da kuskure a kan abin da suka gani. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne abin da mata za su yi. Tsakanin farkon shekarun 1960 da farkon shekarun 1970, matsakaicin haihuwar mace ya sauko daga wajen 'ya'ya shida zuwa wajen uku, saboda jinkirta aure da karatun 'ya'ya mata da aikin ƙungiyoyin tsara iyali. Ƙasar ta sami 'yanci a 1968, ta kafa dokar yankin masana'antun fitar da kaya waje a 1970, masu jari daga Hongkong suka zo da masaƙu da wuraren ɗinki, yarjejeniyar Lome ta 1975 ta buɗe musu kasuwar Turai, kuma mafi yawan waɗanda suka cika ɗakunan ɗinkin mata ne. Ya kamata a lura da jerin abubuwan, domin wasu marubutanmu sukan juya shi: saukar haihuwa ta riga masana'antu, ba masana'antu ne suka haife ta ba. Yau haihuwa a can ba ta kai 'ya'ya biyu ga mace ba, jama'ar tana tsufa, har masaƙun sun koma ɗauko ma'aikata daga Bangaladash da Indiya da Madagaska.

Ba muna cewa Kano ta bi wannan hanya ba. Addini da al'ada da girman ƙasa duka sun bambanta, kuma binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna haihuwa a Arewa maso Yamma tana sama da shida. Abin da ya jawo mu ga misalin shi ne wurin da Meade ya yi tuntuɓe, don kuwa a nan ne nazarin masana'antun Kano ma yake tuntuɓe. Mace ba ta cikin hoton Bompai, saboda ba ta tsaya gaban injin ba. Amma wa ya dafa tuwo da ƙosai da ɗanwaken da lebura ya ci a bakin ƙofa da tsakar rana? Enid Schildkrout ta nuna a bincikenta na shekarun 1970 a cikin birnin Kano yadda matan kulle suke gudanar da sana'a ta hannun yara masu talla. Wani kaso na albashin Bompai ta wannan hanya ya shiga cikin gidaje, ya zama kayan ɗaki da adashi. Wannan mata da 'yarta suna cikin jama'ar masana'anta, ko da ba su taɓa taka ƙofarta ba; ranar da aka rufe masaƙa su ma aka sallama, ba tare da takarda ba.

Darasi na biyu daga Morishus ya fi na farko kusa da ƙorafinmu. Tsarin mulkin ƙasar ya kasa jama'a gida huɗu: Hindu, da Musulmi, da 'yan asalin Sin, da sauran jama'a, inda aka cusa jikokin bayi da jikokin iyayen gijinsu a buhu ɗaya. Akwai kujerun majalisa har takwas da ake rabawa bayan zaɓe ga 'yan takarar da suka faɗi da ƙuri'u masu yawa, don a daidaita wakilcin waɗannan gidaje. Amma ƙidayar 1972 ita ce ta ƙarshe da ta yi wannan tambaya, saboda haka aka ci gaba da rabon da alƙaluman 1972, shekara da shekaru bayan da yawa daga cikin waɗanda aka ƙirga sun kwanta dama. Su aƙalla sun san shekarar alƙalumansu, suna kuma gardama a kai a fili. Mu namu na wajen 1971 ne, kuma a kundayen digiri sau da yawa ba a ma ambatar shekarar.

5.0 Waɗanda aka tarar a wurin

Akwai wani rukuni kuma da rubuce-rubucen ƙwadago suka tsallake gaba ɗaya, kuma a ganinmu tsallakensu ya fi na kowa muni. Sharaɗa da Challawa ba a daji aka yanka su ba. Suna cikin yankin da Michael Mortimore ya bayyana tun shekarun 1960 a matsayin karkara mai cunkoson jama'a da ke kewaye da Kano, inda ake noma kowace gona kowace shekara da takin da jakuna suke ɗaukowa daga birni. Polly Hill, a littafinta na 1977 a kan yawan jama'a da wadata da talauci a karkarar Kano, a Ɗorayi ta yi bincike, maƙwabciyar Sharaɗa, ta ga manyan gidajen gandu, wasu da mutum sama da ɗari a gida ɗaya, da gonaki da suka yi wa masu su kaɗan. Abin mamaki shi ne, littafin Hill da na Lubeck suna magana a kan shekaru kusan ɗaya da wurare biyu da mai keke zai haɗa a safiya guda, amma ana karanta su a sassa biyu na jami'a kamar labarin ƙasashe biyu. Bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978, karɓar gona don amfanin gwamnati ya ƙara sauƙi, kuma diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba. Ɗan manomin da gonarsa ta zama fulotin masana'anta, idan ya shiga ya zama lebura, a wane layi za a sa shi? Shi ba baƙo ba ne, bai yi ci-rani ba, bai taso daga ko'ina ba. Birnin ne ya zo ya same shi. Haka kuma masu lambu da ke ban-ruwa da rafin Getsi, wanda yake kwaso ruwan Bompai, da masu kamun kifi da wanki a kogin Challawa ƙasa da majemu, rayuwarsu da lafiyarsu sun ɗauru da masana'antun fiye da ta akawun da ke zuwa daga Sabon Gari ya koma.

Mai sauraro zai iya tambaya, mene ne amfanin tono wannan yanzu, tun da yawancin masaƙun sun rufe, wasu sun zama ɗakunan ajiyar kaya, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari? Amfaninsa shi ne maganar farfaɗo da masana'antu ba ta mutu ba. An fara shimfiɗa bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano a 2020 da wannan alkawari, kuma majemu da masana'antun roba da na abinci suna nan suna aiki. Duk ranar da ƙofofi suka sake buɗewa za a tambayi wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, wa ya fi cancanta a ɗauka, kuma kowane ɓangare zai kawo tarihinsa. Wanda ya karanta Lubeck kaɗai zai ce aikin na Bahaushe ne tun asali. Wanda ya tashi a Sabon Gari zai ce ubansa ne ya haɗa injin. Mun ga yadda korar baƙi ta 1983 ta kasance, sa'ad da aka yanke hukunci a kan mutanen da babu wanda ya san adadinsu. Sa'an nan su kansu waɗanda aka sallama ba mu bi sawunsu ba: wasu sun koma gona, wasu sun hau acaɓa har aka hana ta a Kano a watan Janairu na 2013, wasu suka koma A Daidaita Sahu. Idan aji ne ya ginu a 1971, wajibi ne wani ya rubuta yadda ya warware.

Abin da zai iya cike wannan giɓi ba ya wurin hukumar ƙidaya. Kowace masana'anta tana da littafin biyan albashi da katin ɗaukar aiki, inda akan rubuta suna da gari da ranar shiga da ranar fita. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da aka kafa a 1978 tana da rajistar masu biyan kuɗin ƙungiya. Dagatai da masu unguwannin Kumbotso sun san gonakin da aka karɓa da sunayen masu su. Takarda ba ta jure gara da ɗigar damina, tsofaffin helimomi kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Muna roƙon sassan tarihi da na nazarin zaman jama'a na Jami'ar Bayero su nemi izinin masu waɗannan littattafai, a kwaso abin da ya saura a adana a Gidan Mumbayya ko a Gidan Arewa da ke Kaduna, a kuma fara da na Bompai, tun da su ne suka fi tsufa.